Wa ke da ikon cewa "na yafe"? Sharhi a kan littafin Adabul Mu'allimina



Littafin da za mu duba a wannan fitowa ɗan ƙarami ne, mai Larabci zai iya karance shi tsakanin La'asar da Magariba. Sunansa Adabul Mu'allimina, wato ladubban malaman makaranta. Mawallafinsa shi ne Muhammadu ɗan Sahnunu, mutumin Ƙairawan a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, daidai da 870. Mahaifinsa shi ne Imamu Sahnunu mai Mudawwana, rijiyar da Risala da Muhtasar da sauran littattafan da muke ja a zaure duk suka ɗebi ruwa. Hasan Husni Abdulwahhab ya fara buga shi a Tunis a 1931, aka sake buga shi a 1972, kuma wani Bafaranshe mai suna Gérard Lecomte ya fassara shi da Faransanci a 1953. Saboda haka yaranmu 'yan lakwal da Larabcinsu bai nuna ba, su ma ba su da uzuri.

Ba don tsufansa na ɗauko shi ba. Wani zama ne da aka yi da ni a nan Sokode shekarun baya ya ƙi fita daga raina. Wani yaro ne, bai wuce shekara tara ba, ubansa ya kawo shi karatu daga wajen Dapaong. Ran nan malam ya tafi wajen suna, ya bar wa gardi makaranta. Yaron ya yi ta ɓata aya ɗaya, gardi ya ɗauki allon da ke hannunsa ya kwaɗa masa a gefen kai. Kunne ya yi jini. Kwana uku ana ɗiga masa mai, sai da ya fara wari sannan aka kai shi asibiti. Aka aika wa uban, ya hawo mota ya zo. Dattawa suka taru a zaure bayan Isha'i, aka ba shi haƙuri, aka ce ƙaddara ce, aka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, na yafe. Ai mu ma haka aka yi mana." Aka raba goro, aka shafa Fatiha. Ina zaune a wurin, goro ɗaya ya zo hannuna, na karɓa na ci. Kunnen nan na hagu bai ƙara ji ba.

Da na karanta littafin Ibnu Sahnun daga baya, sai na ga kamar yana zaune tare da mu a zauren nan yana ƙirga mana laifuffukanmu da yatsa.

Tsarin littafin tambaya da amsa ne. Ɗan yana tambaya, uban yana ba da amsa, wani lokaci a kawo maganar Imamu Malik. Yana magana a kan falalar koyar da Alƙur'ani, da adalci tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, da inda ya kamata a zuba ruwan wankin allo, da hutun Sallah, da abin da malam zai karɓa ranar sauka. Wanda ya yi makarantar allo zai yi ta murmushi, domin makarantar Ƙairawan ta wancan zamani da tamu ta Didaure ko ta Zongo kamar an tsaga kara. Hadisan da ya buɗe da su ba duka suka inganta ba, wannan aikin masana hadisi ne, ba zan tsaya a kai ba. Inda ƙarfin littafin yake shi ne babin ladabtarwa.

A nan bai tsaya ga wa'azi ba, iyaka ya yanka. Dukan yaro a kan karatun Alƙur'ani kada ya wuce bulala uku. Idan yaron ya cuci wani ne, ba a ƙara a kan ukun sai da izinin uba. A kan wasa da shiririta ana iya haurawa, amma goma ita ce maƙura, saboda hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito wanda ya hana wuce goma a abin da ba haddi ba. Ba a dukan kai, ba a dukan fuska. Ba a duka cikin fushi, domin dukan fushi huce haushin malam ne, ba amfanin yaro ba. Ba a hana yaro abinci da ruwa da sunan horo. Malam ba ya wakilta wani daga cikin yaran ya yi duka. Ba ya barin yara ya tafi sha'aninsa a lokacin karatu, ba ya kuma aiken su hidimarsa. To, ku koma zauren nan namu ku ƙirga. Malam ba ya nan. Wanda ya yi dukan ɗalibi ne. A kai aka yi. Cikin fushi aka yi. Da allo aka yi.

Maganar nan da muka taso muna ji, wai duk inda bulalar malam ta taɓa wuta ba za ta ci ba, na neme ta a littafin ban gan ta ba.

Ba zan ɓoye muku abin da ya dame ni a babin ba. Mawallafin ya ɗauki bulala da falaƙa, wato itacen nan mai igiya da ake ɗaure ƙafafun yaro a bugi tafin, a matsayin kayan aikin makaranta, har ya ce malam ne zai saye su da kuɗinsa. Bai taɓa tsayawa ya tambaya ko dukan kansa yana da amfani ba. Wannan tambaya Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi mata fasali guda a Muƙaddima, inda ya nuna tsanani yana koya wa yaro ƙarya da yaudara da kasala, yana kashe masa zuciya. Ibnu Sahnun alƙali ne a tunaninsa, ba mai nazarin zuciyar yaro ba. Abin da ya dame shi shi ne: ina iyaka take, kuma wa zai biya idan an ƙetare ta?

Wannan "wa zai biya" shi ne abin da ba mu taɓa ji a bakin kowa ba, kuma shi ne mafi tsada a littafin. A kusa da ƙarshe ya jero mas'aloli. Malam ya wuce iyakar ladabi ya yi wa yaro lahani: diyya ta hau, kuma shi ma a ladabtar da shi. Yaron ya kwanta ciwo daga dukan har ya mutu: dangi su yi ƙasama, wato rantsuwa hamsin, idan dukan irin wanda ake ganin nufin kisa ne a yi ƙisasi, idan jahiltar iyaka ce a biya diyya, malam ya yi kaffara. Sannan ya kawo fatawar Imamu Malik a kan malamin da ya fasa wa yaro ido ko ya karya masa hannu. Idan da bulala ya yi, sandar bulalar ce ta kuskure, diyya tana kan aƙila, wato dangin malam na wajen uba. Amma idan da sanda ya doke shi, ko da allo, yaron ya mutu, to ƙisasi ne. Dalilin Malik kuwa guda ɗaya: ba a yi masa izinin duka da sanda ko da allo ba.

Allo fa. Malik ya ambace shi da sunansa. Ashe tun zamanin Madina hannun mai fushi abin da ya fi kusa da shi yake ɗauka.

A wannan wuri littafin yana da rauni na tsari, kuma ɗalibi ya kula. Mas'alolin a warwatse suke, ba su daidaita da juna ba. A wuri ɗaya ya ce idan malam bai wuce abin da ya halatta ba babu diyya, sai kaffara in an mutu. A fatawar Malik kuma diyya tana kan aƙila ko da abin da ya halatta ya yi. A wani wuri diyyar mai wuce iyaka a dukiyarsa take, a wani wuri "an ce" a kan aƙila. Mawallafin ya jera su kawai ya wuce, bai rinjayar ba. Malam mai neman mafaka zai iya tsintar ƙaulin da ya fi masa sauƙi ya rufa da shi. Sai dai duk inda ka juya ƙaulan nan, babu ko ɗaya da ya ce wanda ya wuce iyaka ya tashi haka nan da goro da Fatiha.

Nawa ne abin? Littafin bai kawo lissafi ba, ya bar wa littattafan fiƙihu, kuma duk wanda ya kai babin jinane a Risala ya san shi. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1000, ko dirhami 12,000. Ido ɗaya rabi, hannu ɗaya rabi. Yatsa raƙuma 10, haƙori 5. Raunin kai da ya bayyana ƙashi raƙuma 5. Ji gaba ɗaya cikakkiyar diyya ne, na kunne ɗaya rabi. Abin da ya kai sulusi a kuskure aƙila ce ke ɗauka, abin da bai kai ba mai laifi ne zai biya daga aljihunsa. Ba a yanke kuɗin rauni sai ya warke an ga abin da ya bari. Kunnen yaron nan ke nan dinari 500. Idan aka bi ƙiyasin da malaman zamani suke yi na dinari ɗaya giram 4.25 na zinariya, ya haura kilo biyu. Mai son sanin sefa nawa ne ya je wajen maƙeran zinariya a kasuwa ya tambaya. Wannan muka yafe a zama ɗaya, kafin shayi ya huce.

Kuma ba namu ba ne. Nan ne nake so iyaye su saurara da kyau. Diyyar raunin yaro dukiyar yaro ce. Uba waliyyi ne, mai riƙon amana, ba mai abu ba. Shaihu Halil a Muhtasar ya kawo mas'alar ƙaramin yaro da aka yanke wa hannu da gangan: waliyyinsa ya duba abin da ya fi wa yaron maslaha, ko ƙisasi ko cikakkiyar diyya, kuma ba ya sulhu a kan ƙasa da haka sai in mai laifin matalauci ne. Ragi ke nan saboda talauci, ba yafiya ba. Da gonar gado ce ta yaron uban ya tashi a zaure ya ce ya bar wa malam, ai da dattawan nan su za su fara riƙe masa hannu. To me ya sa kunne ya fi gona arha? Uban nan ba mugu ba ne. Baƙo ne a gari, a gaban manya, yana jin nauyin malamin da ya riƙe masa ɗa ba ko dala. Mu muka sa shi a lungu, sannan muka yaba masa da haƙuri.

Yanzu ga babban giɓin littafin. Ibnu Sahnun ya yi bayanin abin da alƙali zai yanke idan magana ta iso gabansa. Bai ce komai a kan yadda za ta iso ba. Wa zai kai? Littafin ya ɗauka akwai uba a bayan katanga, yaro zai koma gida da Azahar uwa ta ga shatar. A Ƙairawan haka ne, yara daga gida suke zuwa. Rahoton da ya ɗora wa malam a fili shi ne ya sanar da iyaye idan yaro bai zo makaranta ba. Amma yaron da aka ɗauko daga Mango ko Sinkase ko ƙauyukan Dapaong aka ajiye a Sokode, wanda ba zai ga uwarsa ba sai Sallah, wa zai ga shatarsa? Idan kuma uban ne da kansa mai dukan, ko kishiyar uwa, ko mai gidan da aka kai yarinya aikatau? Littafin na malamai ne, ban ce ya kamata ya yi maganar kowa ba. Amma ko a kan makaranta, shirunsa a nan ya yi tsawo.

Ga wani abu da ya ƙara ɗaure kai. An tambayi Sahnunu ko malam zai iya kama yaro da maganar 'yan'uwansa yara. Ya ce idan maganar ta yaɗu a tsakaninsu, ko yaron ya amsa, ko masu faɗin an san su da gaskiya, to ya karɓa ya hukunta. Wato bakin yara ya isa a doki yaro. A babin shaida kuma, mazhabarmu ta karɓi shaidar yara a kan raunukan da suka yi wa juna, matuƙar ba su watse ba kuma babba bai shiga tsakaninsu ba. Wannan sauƙi ne da Malikiyya suka yi fice da shi, kuma hikimarsa a fili take: inda yara ke taruwa ba a samun manya. Amma sharaɗin shi ne tsakaninsu. Ba sa shaida a kan babba. To a makaranta, su wa ke gani in ba yara ba? Yara talatin sun ga allo ya sauka a kunnen nan. A ma'aunin tsohon alƙali, babu shaida ko ɗaya. Mawallafin ya san wannan ƙa'ida fiye da ni, amma bai haɗa ta da babin lamunin malam ba, bai nuna mana ta ina haƙƙin zai fito ba in malam ya musa.

Saboda haka nauyin ya dawo kan babban da ya gani ko ya ji: maƙwabcin da kukan ke shiga ɗakinsa kowane dare, mai abincin da ta ga yatsa a kumbure, ladan, liman, da ni mai cin goro. Mu kuwa muna da kalmomi da yawa na tserewa. Rufin asiri. Kada a zubar wa malam mutunci. Ba na son gulma. Muna cewa ɗa na kowa ne idan za mu tsawata masa a hanya, amma idan ana karya shi sai ya koma ɗan wane, ba ruwanmu.

Amsar da ban samu a Adabul Mu'allimina ba, na same ta a inda ban zata ba: babin yanka a Muhtasar. Halil yana maganar wanda ya wuce dabbar farauta tana shure-shure, yana da ikon yankawa bai yanka ba har ta zama mushe, ya ce zai biya. Sai ya ɗora a kai: haka nan wanda ya bar kuɓutar da rai ko dukiya da ke halaka, alhali yana iya kuɓutarwa da hannunsa ko da shaidarsa, shi ma lamuni yana kansa. Ku lura, har da shaidarsa. A mazhabar da muke bi, yin shiru ba tsayawa a gefe ba ne, yana iya zama bashi. Ƙarshen Suratul Baƙara ya hana ɓoye shaida, ya danganta zunubin ga zuciyar mai ɓoyewa. Suratun Nisa'i ta ce a tsayar da ita ko a kan kai da iyaye da dangi. Maganar gulma kuwa, Imamu Nawawi a Riyadus Salihina ya lissafa wurare shida da ambaton mutum a bayan idonsa ya halatta, na farko kai ƙarar zalunci ga mai iko, na biyu neman taimako don kawar da ɓarna. Suturta Musulmi a kan zunubin da ya wuce tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Abin da ke ci gaba a jikin yaro, wanda gobe ma za a yi, rufe shi taimakon azzalumi ne a kan zaluncinsa, alhali Annabi (SAW) ya fassara mana taimakon azzalumi da riƙe masa hannu.

To a kai wa wa? A nan Togo babu alƙalin da zai yanke diyya, babu aƙilar da za a tara wa raƙuma. Akwai dokar ƙasa, kuma yawancinmu ba mu taɓa buɗe ta ba. Ita ce dokar yara mai lamba 2007-017 ta 6 ga Yuli 2007. Yaro a wurinta shi ne duk wanda bai kai shekara 18 ba. Sashe na 353 ya ɗora wa gwamnati kare yaro daga cutarwar iyayensa ko duk mai iko a kansa. Sashe na 357 ya sa dukan horo da hana abinci ko magani da gangan cikin abin da ake hukuntawa. Sashe na 376 ya hana duka a makarantu da wuraren koyon sana'a da duk inda ake ajiye yara, na ɗan lokaci ko na dindindin. A fahimtata zauren malam bai fita daga wannan ba, haka ma shagon tela da garejin makanike. Tun 1990 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin yara, wadda sashenta na 19 ya ambaci kai rahoto da bincike da magani da bibiya.

Hanyar ba ta da wuyar ganewa. Asibiti ne farko, ba gobe ba, babban asibitin yanki na Sokode ko na Dapaong ko wanda ya fi kusa, don magani kuma don takardar likita. Takardar nan ita ce shaidar da ba ta jin nauyin kowa: tana faɗin irin raunin da yawan kwanakin da zai hana yaron harkokinsa, kuma kotu da ita take awo. Kwana ukun da muka ɓata muna ɗiga mai, da kunnen da shaidar muka yi wasa. Bayan nan sai komisariya ko jandarmomi, ko takarda kai tsaye zuwa ga mai gabatar da ƙara na gwamnati a kotun Sokode ko ta Dapaong. Ba sai uba ba, duk wanda ya gani yana iya sanarwa. Akwai ofishin jin daɗin jama'a, akwai kuma lambar waya ta kyauta don yara, 1011, wadda ake kira Allô 1011. (Wani ɗalibina ya ce daga allo sai Allô. Na yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba.) Waliyyin yaro yana da damar shiga shari'ar ya nemi a biya yaron diyyar lahanin. Kuma a wurin 'yan sanda da alƙalin yara ana sauraron yaro, abin da tsohon babin shaida bai buɗe masa ƙofa ba.

Ita ma dokar tana da nata aibi. Da Faransanci take, ba a kawo mana ita masallaci da Hausa ko Kotokoli ko Moba ba. Takardar likita kuɗi ce, zirga-zirgar kotu kuɗi ce, kuma talaka yana tsoron ofis fiye da yadda yake tsoron asara. Akwai masu jin cewa ƙara ɗaya za ta zama sanadin a rufe makarantun allo duka, kuma ban ce tsoron nan na banza ne ba. Amma abin da zai jawo wa makarantunmu rufewa shi ne ranar da gawa ta fito daga ɗaya cikinsu aka gano unguwa duka ta sani.

Na san tambayar da ke bakin ɗalibai: littafi ya ce uku, doka ta ce ko ɗaya, wanne za mu bi? Ga ra'ayina, kuma malamaina su gyara mini. Ukun nan izini ne, ba umurni ba. Ba wanda zai yi zunubi don bai doki yaro a kan hadda ba. Nana A'isha (RA) ta shaida, a Sahihu Muslim, cewa Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Hadisin Abu Dawud da ake yawan kafa hujja da shi maganar salla yake, a shekara goma, ba maganar ɗan shekara shida da ya kasa bambance sin da sad ba. Kuma sananne ne a wurin malamai cewa mai mulki yana iya taƙaita halal saboda maslaha. Sai mu koma ga dalilin Malik da kansa: abin da ya rataya lamuni a kai shi ne izini. To idan hukumar ƙasa ta janye izinin, malamin da ya ɗaga bulala a yau a kan wane izini ya tsaya? Littafin da ake tsammanin zai kare shi, ma'auninsa ne ya kama shi.

Ban ce a kashe sulhu ba. Sulhu alheri ne, kuma sau da yawa ya fi kotu saurin kai kuɗin magani hannun mai ciwo. Amma sulhun da fiƙihu ya sani yana da adadi, yana da rubutu, yana da shaidu, kuɗin kuma na yaro ne a ajiye masa. Ya zo bayan likita, ba a madadin likita ba. Kuma ba ya goge haƙƙin hukuma. A dokar ƙasa janye ƙara ba ya tilasta wa mai gabatar da ƙara ya tsaya. Kada wannan ya ba mu mamaki, domin a Risala ma wanda ya yi kisan ganganci aka yafe masa, ana yi masa bulala 100 a tsare shi shekara guda. Dangi sun yafe nasu, na jama'a yana nan. Abu mafi ƙaranci da zaman zaure zai yi shi ne hannun da ya yi lahanin kada ya kwana yana riƙe da yara. Gardin nan namu washegari shi ya biya wa yara karatu.

Bara na haɗu da yaron a tashar Dapaong, ya zama saurayi, yana sayar da kayan waya. Da na yi masa sallama sai da ya juyo da kunnen dama. Muka zauna, na gaya masa abin da na karanta, har da dinari 500. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Malam, to irin wannan bashin yana faɗuwa idan an daɗe?" Na ce masa a fiƙihu daɗewa ba ta sauke haƙƙi daga wuyan wanda ake bi. A kotun gwamnati kuwa akwai wa'adin shigar da ƙara, kuma wannan sai mun je wurin lauya da takardar asibitin, in ubansa ya ajiye ta. Ya ce zai tambayi tsohon ranar kasuwa.